Faɗuwar Mai Ayaba

A layin 'yan kayan marmari babu wanda bai taɓa ɗaga ƙafafun Mai Ayaba ba. Ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda yake sauke nonon ayaba daga mota da hannu ɗaya yana hira da direba, amma da ya ga jini, ko ɗigo ne, shi ke nan. Sai kunnuwansa su ɗauki ƙara, gumi mai sanyi ya keto masa, hasken rana ya riƙa ja da baya kamar ana tura ƙofa, ya langaɓe ya zube a inda yake. Tun yana ƙarami haka yake. Ranar da aka zo yi wa 'yan ajinsu rigakafi, layi bai ma zo kansa ba aka kwashe shi. Ranar da matarsa za ta haifi ɗansu na fari kuwa, shi aka fara ba gado a asibiti, ita tana tsaye riƙe da ƙugu tana jiran a gama da shi.

Abin dariyar, rumfar da ya gada wurin kawunsa tana kallon teburin mahauci ne. Tun ranar farko ya juya kujerarsa ya ba teburin baya, kuma a haka suka ƙulla abota ta shekara da shekaru, mahauci yana magana da ƙeyarsa, shi yana ba da amsa ga kwandunan lemo. Mahaucin ne ya laƙaba masa suna Langaɓau, shi ne kuma ya fi kowa ƙwarewa a farfaɗo da shi: a shimfiɗe shi a ƙasa, a ɗora ƙafafunsa kan akwatin katako, a yi masa fifita da kwali, a yayyafa masa ruwa. Kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya zai buɗe ido, ya tambaya wa yake gadin rumfa. A yi dariya, shi ma ya taya su. Ba wanda ya san cewa dariyar tana yi masa ciwo, don bai taɓa nunawa ba. A ransa ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa shi rago ne da aka ba jikin jarumi bisa kuskure.

Inda ba a yi masa dariya shi ne wurin sayen kaya. Harshensa ne jarinsa. In motoci sun iso da sassafe, zai bi kwanduna da 'yar wuƙarsa, ya yanki nan ya lasa, ya yanki can ya tauna, ya ce wannan mangwaron an tsinke shi da sauran kwana, wannan lemon gonarsa ta sha ruwa ya yi lami, wannan ayabar dole aka yi mata ta nuna. Dillalai ba sa son ganinsa, masu saye kuwa daga nesa suke zuwa, don sun san abin da ya ce da zaƙi to da zaƙi. Da wannan harshen ya ciyar da gida, ya ga 'ya'yansa maza sun kama sana'a sun watsu garuruwa, ya aurar da autarsa mace. Karin kumallonsa ayaba ce, abincin ranarsa rabi lemo ne, duk abin da ya fara laushi a rumfa cikinsa ne ma'ajiyarsa.

Hawan jini ya daɗe da kama shi. Awon ba ya damunsa, tunda hannu kawai ake ɗaurewa a matse. Amma duk lokacin da aka ce ya je a ɗebi jininsa a duba ƙoda, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, har takalmansa suka daina shigarsa, har ya fara tashi da tashin zuciya, har wata safiya ya sa mangwaro a baki ya ji ɗanɗanon ƙarfe. Wannan ne ya tsorata shi fiye da kumburin. Matarsa ba ta tsaya shawara ba, ta sa shi a gaba sai asibiti. Aka ɗebi jinin yana sume. Ya farfaɗo suka koma gida, kwana kaɗan bayan haka aka gaya masa ƙodojinsa duka biyun sun gaji, sai dai inji ya riƙa yi musu aikinsu, sau biyu a mako, har abin da Allah ya yi.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, gadaje a jere, kowane gado da injinsa a gefe yana ƙyafta fitilu. Bututu biyu ke fita daga hannun mutum, jininsa ya bi ɗaya ya shiga inji, ya dawo ta ɗayan. Wato mutumin da ba ya iya kallon ɗigon jini, an kawo shi inda zai kwanta rabin yini nasa jinin yana zagaye a gabansa. Ranar da aka fara sa masa allurai a hannu, nas ba ta gama goge fatar ba ya tafi. Sai dai wannan karon akwai wayoyi manne a ƙirjinsa, kuma likitar ƙoda tana tsaye tana kallon allo.

Mace ce ƙarama mai sanyin murya, sa'ar autarsa. Da ya dawo hayyacinsa yana ta ba da haƙuri, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce masa ta ga abin da ya faru da idonta. Zuciya, in ji ta, tana da 'yar wutar lantarkinta da take kunna wa kanta, kowane bugu da tartsatsinsa, ba ta jiran umarnin kowa. Amma akwai jijiyoyi iri biyu da ke sauko mata da saƙo daga ƙwaƙwalwa, ba jijiyoyin jini ba, na saƙo: ɗaya ta ce yi sauri, ɗaya ta ce sassauta. A wurin yawancin mutane in tsoro ya zo ta saurin ce ke rinjaye. Shi kuwa tasa ta sassautawar ce ke taka birki da ƙarfi, bugun ya ragu, jini ya kasa hawa kai, sai ya faɗi. Da ya kwanta jinin ya koma kai, birkin ya saki.

Sannan ya tambaye ta a hankali, kamar mai jin kunyar tambayar, “Wato ba ragwanta ba ce?”

“Jijiya ce, Baba. Haka aka halicce ta. Akwai sojojin da suke da irinta.”

Ya juya ya kalli matarsa don ya tabbatar ta ji. Ta ce ta ji, kuma ita dama ba ta taɓa cewa rago ne ba, nauyin ɗaga shi kawai take kuka da shi.

Daɗin wannan magana bai gama ratsa shi ba likitar ta kawo ta biyu. Akwai wani sinadari a jini, fotasiyam, dangin gishiri ne. Tartsatsin nan na zuciya da shi yake tashi, amma sai in yana da yawa a cikin tsoka, kaɗan a cikin jini. Ƙoda ce ke zubar da rararsa. Yanzu da babu ƙoda, duk wanda ya ci yana nan a jini har ranar inji, in kuwa ya taru, wutar zuciya sai ta yi rauni, ta rikice, tana iya ɗaukewa gaba ɗaya. Wannan ba irin suman da ake tashi ba ne. Ta fara ambata abin da zai bari: ayaba, lemo, mangwaro, gwanda, fiya, dabino, ruwan kwakwa. Ya ce mata, 'yata, kin karanto rumfata ne daga dama zuwa hagu. Ta bar masa tuffa da ɗan yankin abarba, su ma da awo. Sunan sinadarin ya ƙi zama a bakinsa, sai ya sa masa suna gishirin ayaba, har nas-nas ɗin ɗakin suka ɗauka.

Rashin cin bai dame shi kamar rashin ɗanɗanawar ba. Yaya mutum zai sayar da abin da bai lasa ba? A nan matarsa ta shigo sana'a, ita da iyakarta da kasuwa cefane. Kullum da sassafe ta biyo shi wurin motoci, shi ya yanka, ita ta ci. Da farko komai aka ba ta sai ta ce da daɗi. Ya yi ta fama da ita: zaƙin a bakin harshe yake ko can ciki? Tsamin kafin zaƙi ya zo ko bayansa? Ya bar miki maƙaƙi a wuya? Ta ce shi kam ya cika fitina, lemo ai lemo ne. Sai ya daina sauraron bakinta ya koma karanta fuskarta, don ya lura in abu bai nuna ba girarta ta hagu tana ɗan ɗagawa ba ta sani ba. Dillalai suka riƙa tsokanarsu, wai Mai Ayaba ya ɗauki harshe haya. Kafin shekara ta zagayo ta fara mayar da kwando tun bai ce komai ba.

A ɗakin inji ma ita ce. Sun gano dabararsu: a kwantar da shi tun kafin a buɗe allura, a ɗaga ƙasan gadon, ya harɗe ƙafafu ya matse su da ƙarfi kamar yadda likitar ta koya masa, ita kuma ta kama kansa ta juyo da shi wajenta, ta toshe masa kunne ɗaya da tafinta, ta zuba masa labarin rigimar maƙwabta a ɗayan. A rufe bututun da zane. Mafi yawan ranaku yakan tsallake. Ran da bai tsallake ba, a hannunta yake farfaɗowa, ba a tsakiyar masu dariya ba.

Haka suka yi ta tafiya har cikin auta ya tsufa. Naƙuda ta zo mata da wuri, a garin da take aure, tafiyar yini guda, aka bugo waya cewa an yi mata aiki, ita da jaririyar suna nan amma tana bukatar uwa. Matarsa ta haɗa kaya tana kuka tana ba da umarni. Ta tsaya a kasuwa ta damƙa shi a hannun mahauci: ranar inji ya raka shi, ya riƙe masa kai. Mahaucin ya buga ƙirji ya ce ai shi ya san kan Langaɓau tun kafin ta san shi.

Ranar ta zo. Mai Ayaba ya kwatanta a ransa yadda zai kwanta, hannun mahauci mai ƙarnin nama a kan kunnensa, da yadda labarin zai zaga layi kafin yamma. Sai ya ce wa abokinsa an ɗaga ranar, an yi masa waya daga asibiti. Ya gaya wa kansa tsallake ɗaya ba zai kashe mutum ba, jikinsa garau yake jin sa. Da asibitin suka kira shi da gaske, ya bar wayar tana ruri a aljihu.

A makon ne kuma mangwaron farko na shekara ya sauka. Ya tsaya gaban kwanduna da wuƙarsa, ba girar da zai karanta. Ya shinshina, ya latsa, ya auna a tafi, duk bai gamsu ba. Ya ce bari ya lasa kawai ya tofar. Bai tofar ba. Zaƙin ya sauka masa har cikin ido, ya tsaya a nan tsakiyar hayaniyar 'yan dako yana jin kamar ya dawo gida daga doguwar tafiya. Kwando na biyu ma ya bukaci a gwada shi, haka na uku. Washegari lemo ya zo. Da rana, yana zaune shi kaɗai, ya ga wata ayaba ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, daidai lokacin da ta fi daɗi, ya ce a ransa wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi, ya ɓare ta, ya bi ta da 'yar'uwarta.

Ranar da abin ya same shi, tun safe ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an cika su da yashi. Leɓɓansa suna tsikari, yatsunsa ma. Wajen hantsi wata mata ta nemi ya miƙo mata kankana daga ƙasan tebur, ya sunkuya, ya ce wa gwiwoyinsa su tashi, suka ƙi. Ya zame a hankali ya kwanta tsakanin kwanduna.

Layin ya san aikinsa. Wani ya jawo akwati, wani ya yago kwali, mai tumatir yana tambaya wa ya yanke a yatsa yau. Aka ɗora ƙafafunsa, aka yayyafa ruwa. Shi kuwa yana jin komai. Kunnensa bai yi ƙara ba, hasken bai ja da baya ba, ga rufin rumfa nan a sarari har yana ganin inda kwanon ya yi tsatsa. Ƙirjinsa ne yake jin sa wani iri, bugu ɗaya, sai shiru mai tsawo har ya fara jiran na gaba, sannan wani ya zo a kasale. Ya ce musu ba suma ba ce. Muryar ta fito ƙarama. Mai tumatir ya ce ga shi nan ya fara dawowa, a ƙara fifita. Aka yi dariya. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, yana kwance a tsakiyar mutanen da ke ƙaunarsa, kowa yana yi masa maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

Mahauci ne ya zo daga baya, yana goge hannu a tsumma. Ya tsaya a kansa ya daina murmushi. Ya durƙusa ya kalli idonsa, ya ga ido ne na mai kallo, ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi kamar na wani.

“Langaɓau, kana ji na?”

“Ina jin ka. Ban je inji ba. Ƙarya na yi maka. Kuma na ci.”

Mahaucin bai tambaye shi me ya ci ba. Ya daka wa masu fifita tsawa, ya tare wani babur mai ƙafa uku da ya kawo kabeji, aka watsar da kabejin a ƙasa, mutum huɗu suka cicciɓe shi. Duk hanya mahaucin yana rungume da kansa yana zaginsa ƙasa-ƙasa, yana ce wa direba ya bi ta ko'ina.

A asibiti ba a tsaya tambayar kati ba, don nas ɗin da ta gan shi ta san shi. Aka manna masa wayoyi, takarda ta fara fitowa daga na'ura, likitar ta duba ta sau ɗaya ta fara ba da umarni da wata murya da bai san tana da ita ba. Aka yi masa allurar da za ta kare zuciyar na ɗan lokaci, aka ɗaura masa ruwan sukari da maganin masu ciwon sukari, aka kifa masa abin shaƙa na masu asma a hanci. Yana jin zuciyarsa ta fara ɗaga ƙafa. Kafin azahar yana kan inji, kuma can wajen la'asar ya motsa babban yatsan ƙafarsa, ya motsa shi kuma, ya fashe da kuka. Mahaucin yana zaune a gefe, ya ƙura wa bututun ido, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce jinin dabba daban, na mutum daban, ya nemi a nuna masa hanyar waje.

Washegari likitar ta kawo masa takardu biyu na zanen bugun zuciyarsa ta shimfiɗa a kan bargo. A ta ranar da ya fara zuwa, kowane bugu siriri ne a tsaye, da ɗan tudu mai laushi a bayansa. A ta jiya bugun ya baje ya yi faɗi, tudun ya yi tsini kamar ƙaya, tsakanin bugu da bugu fili. Ta ce da an ƙara ɓata lokaci ana fifita, layin zai narke ya zama igiya mai lilo, daga nan sai ya miƙe. Ta ce abin shaƙar nan saƙon jijiyar sauri yake kwaikwaya, shi da maganin sukarin suna kora gishirin ya koma cikin tsoka ya ɓuya kafin inji ya kwashe shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi dalilin da ya sa bai zo ba, ya gaya mata gaskiya, ta ce daga yau in ba mai raka shi ya faɗa, nas za ta riƙe masa kai, ba shi kaɗai ba ne.

Faɗan yana wurin matarsa. Ta iso da yamma, ta tsaya a bakin gadon da jakarta a hannu, ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce ta bar 'ya da ɗinki a ciki ta taho wurin tsoho da ya sayar da ransa a kan mangwaro. Daga nan ba ta sake yi masa magana ba har aka sallame shi. Tana dafa masa abincinsa yadda aka ce, ta tafasa ganye ta zubar da ruwan farko, ta ajiye masa ta juya. Sai da ya kwana biyu a gida, yana zaune a tsakar gida, ta zo ta zauna kusa da shi ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, “Aƙalla mai kyau ne, mangwaron?”

Ya ce rabonsa da irinsa tun kawunsa na da rai. Ta ce to Allah ya sa ya ishe shi.

Bai koma wurin motoci ba. Ita ke zuwa yanzu, ita ke yanka, ita ke mayarwa, dillalai sun fi shakkarta a kansa. Shi yana zaune a rumfa yana awo yana hira, in ƙafafunsa sun yi nauyi ko leɓensa ya yi tsikari ba ya ɓoyewa. Layin ma ya sauya. Ya sake suma bayan haka, ran da mai kifi ya datse yatsa, amma kafin a jawo akwati mahauci ya durƙusa ya buɗe masa ido ya kama wuyan hannunsa, ya jira har ya ji bugun ya dawo da ƙarfinsa, sannan ya ba da izinin dariya.

Jikarsa kuwa sai da ta fara zama ya gan ta. Tafiyar sai da lissafi, a tashi washegarin inji, a dawo kafin na gaba. Suka isa da la'asar, ƙafafunsa sun kumbura da zaman mota. Auta ta fito da gudu ta rungume shi, ta ce Baba ka rame, ya ce ke ma. Aka ɗora masa yarinyar a cinya. Ta kama ɗaurin wurin allura da ke hannunsa tana ja, uwarta ta yi sauri za ta janye ta, ya ce a bar ta, ya sauya ta zuwa ɗaya hannun. Surukinsa ya roƙe su su ƙara ko kwana ɗaya, matarsa ta buɗe baki za ta ba da amsa, ya riga ta. Ya ce da safe za su kama hanya, ana jiran sa a ɗakin inji.